Me ake nufi da "copy me" da "cc" a saƙonnin ofis, kuma yaya za mu faɗe su da Hausa?

Sabuwar Ma'aikaciya:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga malamai da manyanmu da ke wannan zaure. Wata biyu ke nan da na fara aiki a wani kamfani da ke sayar da takin zamani da maganin feshi, kuma aika wa abokan ciniki saƙon imel yana cikin aikina. A makon jiya manaja ya umarce ni in aika wa wani dillali lissafin kayan da ya ɗauka, sannan ya ƙara da cewa "copy me and the accountant". Ni kuwa na ɗauka takarda yake so, saboda haka bayan na aika sai na buga saƙon, na yi fotokwafi guda biyu, na kai masa ɗaya, na kai wa akanta ɗaya. Bai yi faɗa ba, amma ya ce ba haka yake nufi ba, adireshinsu ya so in sa a gurbin "cc". Yanzu na san inda gurbin yake. Abin da ban gane ba shi ne ma'anar maganar kanta: yaya za a ce a kwafi mutum alhali shi ba rubutu ba ne? Haruffan nan biyu na mene ne? Kuma tunda saƙo ɗaya ne yake isa ga kowa, mene ne bambancin wanda aka sa a gurbin sama, wato "To", da wanda aka sa a "cc"?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. Malama, matambayi ba ya ɓata, kuma kuskurenki yana da tushe, domin a makaranta an koya mana cewa abin da ke bin kalmar "copy" shi ne abin da ake kwafa, kamar darasi ko rubutun allo. A Turancin ofis kuwa kalmar ta sami amfani na biyu, inda abin da ke bin ta yake zama mutumin da za a aika wa kwafin. Idan mutum ya ce "copy me", nufinsa a haɗa da shi cikin waɗanda saƙon zai isa gare su. Wasu sukan ce "copy me in", wasu kuma "cc me", duk tafiyarsu ɗaya. Haruffan biyu an taƙaita "carbon copy" ne, wato kwafin da aka fitar da takardar kabon. Bayanin wannan kuwa na bar wa Baba Tsohon Akawu, tunda shi ya riƙe abin da hannunsa, mu a littafi muka karanta.

Tsohon Akawu:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a aikin. Na yi shekaru masu yawa ina buga keken rubutu a ofishin gwamnati kafin kwamfuta ta shigo, don haka bari in faɗa miki yadda muke yi. Idan za a buga wasiƙa, sai a ɗauki farar takarda mai kan ofis a sa ta a sama, a sa takardar kabon a bayanta, fuskarta mai tawada tana kallon takardar da ke ƙasa, sannan a sa wata takarda marar kauri, a sake sa kabon, a sake sa takarda, a daidaita bakinsu a cusa su gaba ɗaya a cikin keke. Duk harafin da ya bugi ta sama, ƙarfin bugun yana ratsawa ya bar shaidarsa a na ƙasa. Ta farko takan fito baƙi ƙirin, ta biyu tana karantuwa sarai, ta huɗu ko ta biyar kuwa sai an ƙura ido. Idan ka yi kuskuren harafi ɗaya, sai ka bi takardun ɗaya bayan ɗaya kana gogewa, idan kuma ka sa kabon a baibai, rubutun a bayan takardar sama zai fito, a juye, aikin ya koma sabo.

To, ga inda amsar tambayarki ta uku take. Takardar sama, wadda aka sa wa hannu, ita ake kai wa wanda aka rubuta wa wasiƙar. Ɗaya tana shiga fayil ɗin maganar, ɗaya tana shiga fayil ɗin da muke kira filimsi, inda ake tara kwafin duk wasiƙar da ta fita. Sauran kuwa na waɗanda aka jera sunayen ofisoshinsu ne a ƙasan sa hannu, ta gefen hagu, bayan haruffan "cc". Ki lura da kyau, wannan jerin yana kan takardar sama ma, don haka mai wasiƙar yana gani da idonsa cewa wane da wane sun sami labari. Da isar da kwafi kawai ake so, da sai a ba masinja ya kai ba tare da an rubuta komai ba. An rubuta ne domin kowa ya san wanda ya sani. Kamar mai unguwa ne ya kira mutum ya yi masa magana a gaban dattawa biyu: maganar ta mutum ɗaya ce, shi zai amsa, shi zai aikata, amma dattawan sun ji, kuma ya san sun ji. Dillalin nan shi ne wanda ake yi wa maganar, manajanki da akanta su ne dattawan.

Injiniyan Kwamfuta:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan misali ya fi duk bayanin da nake yi wa ma'aikata idan ana horar da su. Abin da zan ƙara shi ne, ta fuskar na'ura babu wani bambanci ko kaɗan: saƙon da ke isa ga na gurbin sama shi ne ke isa ga na "cc", harafi da harafi, babu wanda nasa ya dushe kamar takarda ta biyar. Bambancin na mutane ne, wato wa ake jira ya amsa, wa kuma aka sanar kawai. Takardar kabon ɗin ma ta girmi keken rubutu, domin tun a 1806 wani Bature mai suna Ralph Wedgwood ya yi rajistar fasaharta a Ingila, alhali sai a 1874 kamfanin Remington ya fara sayar da keken rubutu a Amurka. Da farko da hannu ake dannawa a kanta, kamar yadda ake yi da littafin rasit har gobe. Injin fotokwafi ne ya karya ta a ofisoshi, bayan Chester Carlson ya gano hanyar a 1938, aka kuma fitar da injin Xerox 914 a 1959. Takardar ta ja baya amma sunan ya zauna, har masu tsara imel suka ɗauke shi yadda yake.

Malamin Turanci:
Injiniya, ina so in kawo wani abu da na sha gani, domin kada Malama ta ci karo da shi ta rikice. Akwai masu cewa "cc" na nufin "courtesy copy", wato kwafin da aka ba mutum don girmamawa. Akwai kuma masu cewa ba kalmomi biyu ba ne, harafi ɗaya ne aka ninka don nuna jam'i, kamar yadda ake rubuta "p." ga shafi ɗaya a rubuta "pp." ga shafuka, ko yadda aka ninka harafin farko a digirin lauyoyi na LL.B. A ganinsu ma'anar ita ce "copies" kawai. Ni kaina na karkata ga ta girmamawa idan ina koyarwa, domin ɗaliban yanzu da yawa ba su taɓa ganin keken rubutu ba, kuma ta fi kusa da aikin da gurbin yake yi.

Injiniyan Kwamfuta:
Malam, na yarda ta fi sauƙin koyarwa, amma a nan zan saɓa maka. Ga imel dai maganar a rubuce take. Takardar ƙa'idojin saƙon imel mai lamba RFC 5322, wadda aka fitar a 2008, ta faɗa ƙarara cewa "Cc" na nufin "carbon copy", har ta ambaci keken rubutu da takardar kabon. Fassarar girmamawa kuma tana iya ruɗar da sabon ma'aikaci ya ɗauka ado ne, wanda za a iya yi ko a bari. Akantan da ba a sa shi a saƙon lissafi ba, ba girma ya rasa ba, aikinsa ne ya tsaya, tunda bai san akwai kuɗin da zai bi ba.

Malamin Turanci:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa game da asalin kalmar. Zan ci gaba da ambata ɗayar a aji, amma a matsayin fassarar da ta zo daga baya.

Ma'aikaci daga Damagaram:
Ina gaida kowa. Mu a Nijar da Faransanci muke aikin ofis, kuma abin da Baba ya bayyana muna da shi, sai dai sunan ya bambanta. A ƙasan wasiƙar hukuma ko ƙudurin minista za ka ga an rubuta "Ampliations", sannan a jera ofisoshin da aka ba kwafi, wani lokaci har da adadin da kowane ya samu. A imel kuwa haruffan "Cc" ne kamar naku, amma wasu suna karanta su "copie carbone", wasu "copie conforme", wato kwafin da ya yi daidai da asali. Wannan ta biyun tana kawo ruɗani, domin akwai wata "copie certifiée conforme" wadda ake zuwa ma'aikatar magajin gari ko ofishin 'yan sanda a yi, a nuna takardar asali, a biya kuɗin tambur, jami'i ya duba ya buga hatimi ya sa hannu. Na taɓa ganin matashin da aka ce ya kawo irin wannan ta takardar shaidar karatunsa, sai ya aika hotonta ta imel ya sa shugaban ofis a "Cc", yana ganin ya cika sharaɗi. Sai da ya sake tafiya, kuma saura kaɗan ranar rufe karɓar takardu ta wuce shi.

Lauya:
Abin da ɗan'uwanmu na Damagaram ya kawo yana da muhimmanci, domin kalmar "copy" a Turancin aiki ba abu ɗaya ba ce, kuma mu da Hausa duk muna ce musu kwafi. Takwarar tasu a Najeriya ita ce "certified true copy", wadda ake taƙaitawa CTC. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi yadda ake fitar da ita ga takardun hukuma: a biya kuɗin da aka ƙayyade, jami'in da ke riƙe da takardar ya rubuta a ƙasanta cewa ta yi daidai da asali, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi idan ofishinsa na amfani da shi. Fotokwafin da aka yi a shago, komai kyawunsa, bai kai wannan matsayi ba. Sai kuma "duplicate", wadda ita ce tagwaiyar takarda da aka fitar tare da 'yar'uwarta. Dokar ta ce idan an fitar da takardu da yawa ta hanya guda, kowace tana matsayin asali game da sauran 'yan'uwanta, amma idan duk daga wata takarda dabam aka kwafo su, ba sa zama asalin waccan. Wanda ya taɓa zama wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe ya san darajar irin wannan, domin kwafin fom EC8A na sakamakon rumfar da ake ba shi bayan ƙirga ƙuri'a shi ne abin da zai riƙe idan aka je kotu. Imel kuwa sashe na 84 ne ke magana a kan irinsa, kuma jerin "cc" da ke samansa yana iya zama hujjar cewa an aika wa wane, ko da daga baya ya ce bai sani ba.

Mai Shagon Fotokwafi:
Barista, mun gode. Ni dai ina so in ce takardar kabon ba ta mutu ba, domin har yanzu ina sayar da ita, kuma 'yan kasuwa da masu lodin kaya a tasha suna saye don littafin rasit. Akwai kuma irin littafin da ba ya buƙatar kabon, mai takarda fara da ruwan hoda da rawaya, wanda idan ka danna biro a ta sama rubutun yake fitowa a na ƙasa. Masu zuwa shagona cewa suke yi a yi musu fotokwafi, ko a gurza musu, kuma takardar asali orijinal suke ce mata. Saboda haka idan aka ce wa Bahaushe kwafi, takarda yake gani a ransa. Ban ga laifin Malama ba.

Mai Fassara:
Wannan magana ta Alhaji ita ce ta kawo mu rabin tambayar da ba a taɓa ba, wato yadda za mu faɗa da Hausa. Na fara jin matasa suna cewa "ka kwafe ni a saƙon", kuma ina roƙon mu guje mata, domin kunnen Bahaushe zai ji kamar ana cewa a kwaikwayi mutum ko a saci amsarsa a jarrabawa. Hausa tana da kalmarta ta asali ta wannan aiki, wato juya, kamar yadda malamai ke juya littafi da hannu daga wani littafi tun kafin zuwan injin ɗab'i, amma ita ma rubutu ake juyawa, ba a juya mutum. Abin da nake amfani da shi a aikina shi ne, a ƙasan wasiƙa in rubuta "Kwafi zuwa ga", in jera sunaye. A baki kuwa "ka aiko mini da kwafi" ko "ka sa ni cikin masu samun kwafi" ta wadatar.

Malamin Turanci:
Hajiya, "ka aiko mini da kwafi" ita ce fa ainihin abin da ya faru da Malama, ta kai kwafi amma dillalin bai san an kai ba. Idan muka bi bayanin Baba, ruhin abin shi ne sanarwa a fili. Me zai hana mu ce "Don sanarwa ga"?

Mai Fassara:
Gyaranka ya yi a kan ta farkon, na janye ta. Amma "don sanarwa" ita ma tana da rauni, domin ana iya sanar da mutum ta waya ba tare da ya ga takardar ba. Na fi natsuwa da "ka sa ni a kwafi", tunda kalmar sa tana nuna cewa sunan yana cikin saƙon, kowa na ganinsa. Gajeruwa ce kuma, bakin ma'aikata zai iya ɗaukarta.

Jami'in Sito:
Ku yi mini afuwa, zan kawo ɓangaren da ke ci mini rai. A inda nake aiki, wata rana kaya suka yi jinkirin kwana ɗaya saboda motar da ta lalace a hanya. Abokin aikina, wanda ofishinsa ke kallon nawa, bai leƙo ya tambaye ni ba, sai ya aiko mini saƙo yana neman bayani, ya sa shugaban sashe da babban darakta a "cc". Kalmomin saƙon babu zagi a cikinsu, amma duk wanda ya gani ya san ƙarata aka kai. Na kwana biyu ina rubuta bayani a kan abin da magana ta minti ɗaya za ta warware, kuma tun daga ranar gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Don haka ina ganin ya kamata a gaya wa sababbin ma'aikata cewa gurbin nan yana iya zama makami.

Tsohon Akawu:
Ɗana, na ji zafin abin da aka yi maka. A zamaninmu ba a sa babban ofis a "cc" da wasa, domin kowane suna yana nufin ƙarin takarda da ƙarin kabon da tafiyar masinja, kuma mai sa hannu zai tambaye ka dalilin sa shi. Wahalar ce take tsare mutunci. Yanzu da dannawa ɗaya ake tara mutum goma, shi ya sa ake tara su ba tare da tunani ba. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce, ka fara yi wa mutum magana shi kaɗai, idan abin ya ƙi ka rubuta masa, idan ya sake ƙi sannan ka kira dattawa.

Mai Fassara:
Baba, da girmamawa, akwai ɗaya fuskar da nake so a ajiye kusa da taku. Ƙaramin ma'aikaci, musamman mace, sau da yawa shi ake ba umarni da baki, idan abu ya ɓaci a ce ba a faɗa ba. Ga irinsa, sa shugaba a kwafi ba kai ƙara ba ne, kariya ce. Na san wadda ta tsira daga biyan kuɗin da ba ita ta ɓatar ba saboda kawai ta saba sa akanta a duk saƙon da ya shafi kuɗi. Abin da ya raba nata da na abokin aikin Jami'in Sito shi ne, ita kullum take yi, kowa ya san tsarinta ne, shi kuwa sai ranar da aka yi kuskure ya tuna da darakta.

Sabuwar Ma'aikaciya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na aika wani lissafin na sa su biyun a kwafi. Abu biyu suka rage mini. Na ga wani gurbi kusa da shi mai suna "bcc". Sannan dillalin ya amsa, amma da na duba sai na ga ni kaɗai amsar ta zo wa.

Injiniyan Kwamfuta:
Malama, "bcc" shi ne "blind carbon copy", ɓoyayyen kwafi, wanda saƙo ke isa ga mutum ba tare da sauran sun ga sunansa ba. Amfaninsa mai kyau shi ne idan za ki aika sanarwa ɗaya ga dillalai hamsin da ba su san juna ba, domin idan kika jera su a "cc" kin raba wa kowa adireshin kowa ba da izininsu ba, kuma adireshin mutum yana cikin bayanan da Dokar Kare Bayanai ta 2023 take karewa. Amma ki guji ɓoye shugaba a ciki don ya leƙa magana tsakaninki da abokin aiki, domin idan ya danna maɓallin amsa wa kowa, sunansa zai bayyana ga duk waɗanda ke cikin saƙon. Game da dillalin kuwa, maɓallin amsa wa mai aikowa kaɗai ya danna. Idan amsar ta shafi kuɗi ko ranar biya, ki mayar masa da amsa ki sake sa manaja da akanta a kwafi, ki bar saƙonsa a ƙasan naki yadda za su karanta.

Tsohon Akawu:
Ɓoyayyen kwafin nan ma mun yi shi a keke. Bayan an gama buga wasiƙa sai a zare takardar sama, a mayar da na ƙasa kaɗai, a buga "bcc" da sunan a kansu, don haka mai wasiƙar ba ya ganin komai. Ba a cika ba mu wannan umarni ba, kuma babba ne kaɗai ke bayar da shi. Abu ɗaya zan ƙara miki, 'yata: idan za ki jera sunaye a kwafi, ki bi girman muƙami kamar yadda muke yi a takarda. Ki fara da manaja, sannan akanta.